Jitar da Ke Sa Nas-Nas Barci

Juma'ar da ta wuce ina mayar da jita cikin jakarta, sai na ji ɗaya daga cikinku, ku samarin ƙungiyar mawaƙa, yana ce wa abokinsa wai aikin Baba Ishaya ai hutu ne. Kujera ɗaya, jita ɗaya, mutum ashirin da 'yan kai, rabinsu kuma barci suke yi. Ban ji haushi ba, don bai yi mini ƙarya ba. Lissafinsa ne kawai ya gaza, masu barcin sun fi rabi. Amma tunda kuna ganin kowa ma zai iya, bari in rubuta muku yadda aka yi na iya, in ya so wanda har yanzu yake ganin da sauƙi ya zo in ara masa kujerar Juma'a ɗaya.

Ni dai makanikin esi ne, wato na'urar sanyaya ɗaki. Kwana shida a mako ina saman dogayen benayen West Bay a nan Doha, ni da sifana da zufa, ina sanyaya wa mutanen da ba su ma san da zamana ba. Ranar Juma'a kuwa mawaƙi ne ni. Waƙoƙin nawa ne, ni na tsara su, ni nake rera su, ba ni da kamfani, ba ni da manaja. Sau ɗaya na taɓa shiga situdiyo a Doha, shi ma esinsu ne ya lalace.

Saboda waɗanda za su karanta wannan a gida, sai na faɗi yadda coci yake a nan. Ba kamar namu ba ne da kowace unguwa ke da nata, a buga ƙararrawa a shiga, a fito sa'ad da fasto ya gaji. A nan wuri ɗaya aka keɓe a bayan gari, kowace al'umma da ke bin Yesu tana zuwa can, ranar Juma'a kuma, don ita ce ranar hutu. Gini ɗaya sai ka tarar da harsuna goma suna karɓa-karɓa a ɗakunansa. Nawa shi ne Ɗaki na Bakwai, ƙarami, kujera talatin, daga ƙarfe tara na safe zuwa goma da kwata. Kafin mu 'yan Filifin ne, bayanmu Indiyawan Kerala. Dokar kwamitin ginin guda ce kuma ba ta lanƙwasuwa: gargaɗi biyu ake yi wa mutum, a na uku a karɓe ɗakin a ba na bayansa a layi. Layin nan kuwa akwai waɗanda suka yi shekaru a cikinsa suna taruwa a falon wani. Ku riƙe wannan dokar a ranku, don duk labarin nan a kanta yake tafiya.

Gargaɗin farko a watana na farko na same shi, kuma laifin halinmu ne na gida. Ƙarfe goma da minti goma sha biyu na ajiye jita, na ce wa wani dattijo da ya zo ziyara daga Kafanchan ya rufe mana da 'yar gajeriyar addu'a. Bawan Allah ya fara da Doha, ya sauka Abuja, ya bi jihohin Arewa ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko guda ba. Yana cikin Taraba aka ƙwanƙwasa ƙofa da makulli. Ran nan na fara sanin Mista Tomas, shugaban Indiyawan da ke bayanmu, wani siririn mutum mai furfura da farar riga, agogo a hannun hagu, littafin rajista a hannun dama. Bai ɗaga murya ba. Ya jira har aka ce amin, ya nuna mini agogo, ya rubuta goma da minti talatin da ɗaya, ya miƙo mini biro in sa hannu. Tun daga ranar ni nake rufe addu'a da kaina, kuma ba ta wuce Doha.

Kiɗan kuwa a Kagoro na koye shi, wurin Baba Dogara, tela ne da ke kaɗa jita a cocinmu. Wata uku na yi a shagonsa bai bar ni na kaɗa waƙa ko ɗaya ba. Aikina shi ne in saita tsirkiyoyi, shi kuma ya karɓa ya kwance su, ya miƙo mini in sake. Bayan ya fara barina in kaɗa, wata rana ruwa ya kece a kan kwanon shagon, na dage ina dukan jitar da ƙarfi don a ji ni. Ya tsayar da keken ɗinkinsa ya dube ni.

"Da wa kake faɗa?"

"Baba, ruwan ne ya rufe ni."

"Ruwan ya riga ka zuwa. Saurare shi tukuna, ka ji da wace murya yake magana, sai ka shiga ta gefensa."

A lokacin na ɗauka surutun tsofaffi ne. Sai da na zauna a Ɗaki na Bakwai na gane. Kowane esi yana da muryarsa, wani gurnani ne siriri da ba ya yankewa, kuma kunnen mutane ya saba da shi har ba su san suna jinsa ba. In ka saita jitarka da waya kamar yadda kuke yi, ta yi daidai a waya amma ta saɓa da esin, mutane za su zauna suna jin wani abu na cizonsu ba su san mene ne ba. Ni minti biyun farko ba na taɓa tsirkiya. Ina zaune ne kamar mai addu'a, alhali esi nake saurare. In na kama muryarsa sai in sassauta ko in ɗaure tsirkiyar ƙasa har su zama ɗaya, sauran biyar su bi ta. Daga nan esin ya zama ɗan amshina, kuma bai taɓa makara ba.

Jitar da kuke gani da tabo a ciki, ita ce na zo da ita daga gida. A bazarata ta farko na bar ta a but ɗin motar aiki daga safe har la'asar. Da na buɗe jakar sai na tarar cikinta ya tsage, gadar da ke riƙe tsirkiyoyi ta ɗago. Na zauna a bakin titi na rasa abin da ke mini daɗi. Wanda ya cece ta Sulemana ne, kafinta, mutumin Zangon Kumasi, da muke bene ɗaya a Al Mirqab. Bai taɓa gyara jita ba, kujerun Larabawa yake yi. Ya jujjuya ta, ya shinshina, ya ce, "Masta, itace ne ai. Itacen nan ya sha rana, ƙishi yake ji. Ka bar shi wurina." Ya sa gam, ya matse ta da ƙarafansa, ya kwantar da ita ƙarƙashin gadonsa mako biyu. Da na matsa masa ya ce, "Ka yi haƙuri, Masta, gam ba ya jin yalla yalla, maza-mazan nan na Larabawa." Shi ya koya mini in riƙa jiƙa soso in sa a gidan sabulu mai huji in ajiye cikin jakar, don esi yana busar da katako kamar yadda rana ke yi. Ni da nake gyaran esi ban san wannan ba sai da kafinta ya faɗa mini. Watannin laima kuma tsirkiya tana tsatsa cikin kwana kaɗan, sai ka goge ta da ƙyalle duk sa'ad da ka taɓa. Kuma ba a fito da jita daga zafin waje a kaɗa ta nan take. Shi ya sa kuke ganina tun takwas da rabi a baranda da jaka a buɗe, ba gulmar 'yan Filifin nake saurare ba.

To, sai masu sauraro. Yawancinsu nas-nas ne, 'yan Filato da Kudancin Kaduna da Adamawa, waɗanda suka kwana a tsaye a asibiti. Suna sauka aikin dare bas ya kwaso su, wasu ko takalmin aiki ba su canja ba. Babbar sujada ta Hausa sai sha ɗaya, to sai su fara shigowa wurina. Waƙa ta farko suna amsawa. Ta biyu murya ta fara raguwa. Kafin ta huɗu kawuna sun kwanta. Shugabar masu barcin ita ce Sista Rifkatu, babbar nas 'yar Zonkwa, ta girme ni da shekaru, mace mai jiki da baki. Kujerarta tana jikin bango a layi na biyu. Takan cire tabarau, ta sa a jaka, ta harɗe hannu, ta tafi. Minsharinta ma har ya san inda amshi yake.

Abin ya ci mini rai, ba zan ɓoye muku ba. Mutum ya yi mako yana sassaƙa baiti a saman bene cikin rana, ya zo ya rera, a saka masa da minshari. Na ce lallai waƙata ce ba ta da gishiri. Sai na yi irin tunaninku. Na samo lasifika, na samo makirfo, na sa kiɗan ganga a waya na haɗa. Juma'a ukun da suka biyo baya ko mutum ɗaya bai runtsa ba, na koma gida ina jin kaina. A ta huɗu mutum shida na tarar. A ranar kuma Habashawan da ke ɗakin gefe suka kai ƙara cewa gangata ta shiga cikin addu'arsu, aka kawo mini gargaɗi na biyu. Saura ɗaya ke nan.

Ina fitowa da lasifikar a kafaɗa na ga Sista Rifkatu a inuwar bakin ƙofa tana jiran bas. Ba ta shiga ba ranar.

"Ishaya, zo nan. Wa ya ba ka shawarar wannan akwatin?"

"Sista, gani na yi kuna ta barci, na ce ko waƙar ce ba ta da armashi."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kai dai ka iya esi, amma ba ka iya mutane ba. Mu huɗu ne a ɗakinmu a Al Gharrafa. Wannan na shigowa, waccan na fita, wayar wata na ƙara. Awa goma sha biyu nake yi a tsaye. Duk mako wuri ɗaya ne nake rufe ido ba na jiran a kira sunana, shi ne ɗakin nan naka. Hausa na shiga kunnena a hankali, in ji kamar ina tsakar gidanmu. Shi ne ka tashi ka kawo mana ganga."

"Ni na ɗauka raini ne."

"Raini? Kai ka taɓa yin barci a gaban wanda ba ka yarda da shi ba?"

 Kunya ta kama ni, daɗi kuma ya kama ni, duka a lokaci ɗaya. Lasifikar nan ita ce kuke amfani da ita yanzu a ƙungiyar mawaƙa, ba sai kun gode ba.

Daga nan ne na fara koyon sana'ar da gaske. Minti saba'in da biyar gare ni, kuma kowanne da aikinsa. Na farkon na hira ne da dariya, in yi waƙar direban bas da ya san kowace nas da sunan garinsu, ko ta mutumin da ya yi waya gida yana cika baki alhali indomi ya kwana a kai. Sai sun yi dariya jiki yake saki. Daga nan in sauka a hankali, waƙoƙin damina, na gwaten acca, na Zabura da na sa wa karin kaina. Ba na tsayawa tsakanin waƙa da waƙa, don shiru farat ɗaya yana tashin nas fiye da ihu, ta saba in na'ura ta yi shiru to akwai matsala. Mun hana tafi, wanda waƙa ta yi masa daɗi ya ɗaga hannu kawai. Mafi wuya shi ne tashinsu. Ba a tashin wanda ya kwana aiki da tsawa. Daga ƙarfe goma nake fara ɗaga kiɗan kaɗan kaɗan, in sa waƙar da ke da amshi, na farke su ɗauka, na barci su ji ta daga nesa su biyo ta. Goma da minti goma kowa na tsaye, an jera kujeru. Goma da kwata ina miƙa wa Mista Tomas ɗaki. Shekaru muka yi a haka, bai taɓa ce mini sannu ba, ni ma ban ba shi dalilin buɗe littafinsa ba.

Sai shekarar korona ta zo. Aka rufe ginin gaba ɗaya. Ni aikina bai tsaya ba, don esi bai san annoba ba, amma Juma'a ta zama rana kamar kowace. Nakan shiga cikin kabad ɗin kaya in rufe, in rera waƙa a waya in tura musu. Wasu su amsa bayan kwana uku da kalma ɗaya, wasu ba su amsa ba sam. Sun ga abin da ni ban gani ba, kuma har yau ba na tambayarsu.

Da aka buɗe, suka dawo ɗaya bayan ɗaya, takunkumi a fuska, kujeru nesa da juna. Barci ya dawo ɗakin kamar bai taɓa tafiya ba, sai a kujera ɗaya. Sista Rifkatu ta rame, wuyan rigarta ya yi mata yawa. Takan zauna a wurinta jikin bango, ba ta cire tabarau, idonta a buɗe tun daga waƙar farko har amin. Juma'a ta uku na tare ta.

"Sista, ko na ɓata waƙar ne kuma?"

"Ba kai ba ne, ƙanena. Tun da aka sa ni ɗakin masu numfashi da na'ura barci ya ƙaurace mini. In na rufe ido sai in ji kamar ana kirana. Na sha magani, na yi addu'a, likita ya ce in huta. Ina hutun yake, tunda idon ya ƙi?" Ta yi 'yar dariya. "In abin ya ci gaba haka ajiye aikin zan yi, kafin in ba wani maganin da ba nasa ba. Kai dai ci gaba da kiɗanka, ko ban yi barci ba ina jin daɗi."

Ni kuwa ban ji daɗi ba. Matar da ta koya mini aikina ce, kuma aikin ya ƙi ci a kanta. Na canja jerin waƙoƙi, na rage murya, na tsara sabuwa da sunan garinsu a ciki. Ta ɗaga hannu ta yaba, ido a buɗe. Wata biyu muna haka.

Amsar a wurin aiki na tsince ta. An tura ni gyaran esi a wani ƙaramin asibiti, ina kan tsani kaina cikin silin, sai na ji na'urar da ke lura da bugun zuciyar majinyaci tana ƙara a ɗakin gefe, tit, tit, tit. Kunnen mai jita ba ya hutu. Na ce wannan muryar ai na san ta. Da na koma gida na ɗauki jita na bi siririyar tsirkiyar sama da yatsa har na same ta, ita ce sak. Kuma ita ce nake yawan tsinka da farce ina yi wa waƙoƙin barci ado, ina ganin gwaninta ce. Juma'ar da ta biyo na sa ido. Duk sa'ad da na taɓa wurin sai kafaɗar Sista ta ɗan motsa, ita kanta ba ta sani ba. Ashe wata biyu ina kiranta bakin aiki da hannuna. Na kuma lura fiffiken esin ɗakin yana wani ƙyas ƙyas in ya juya, shi ma a jere kamar na'ura.

Ranar Laraba bayan aiki na je na roƙi mai kula da ginin ya buɗe mini, na kwance fiffiken na sa masa mai, na ɗaure. Ranar Alhamis na cire tsirkiyoyin sama guda biyu na ajiye, na yanke farcena har ƙasa. Sulemana ya leƙo ya ga jita da tsirkiya huɗu, ya ce, "Masta, talauci ne ko sabon salo?" Na ce masa magani ne.

Ranar Juma'a na kaɗa da tsokar babban yatsa kawai, ƙasa ƙasa, jitar da esin suna tafiya tare. Mutane suka kwanta kamar kullum. Sista tana zaune. Tara da rabi ta wuce, goma saura kwata ta wuce, ina satar kallonta. Ƙarfe goma, lokacin da ya kamata in fara tashinsu, sai na ga ta ɗaga hannu ta cire tabarau. Ban ɗaga kiɗan ba. Na shiga wata tsohuwar waƙata mai cewa ruwa ya sauka a Kagoro, ƙasa ta yi ƙamshi, ajiye kayanka ɗan'uwa, gida bai gudu ba. Na yi ta maimaita ta. Goma da minti takwas kanta ya jingina da bango, bakinta ya ɗan buɗe.

Minti bakwai suka rage mini, da gargaɗi biyu a wuya. Sauran nas-nas ɗin jikinsu ya saba da lokaci, suka farka da kansu, suka ga abin da ke faruwa, ba wadda ta ja kujera. Na gwada sassauta kiɗan don in tsaya, sai fatar idonta ta motsa. Wata nas da ke kusa da ita ta girgiza mini kai. Na san abin da nake saye da abin da nake sayarwa. In na ci gaba, ɗakin ya tafi, kuma ba ni kaɗai zan rasa shi ba, duk waɗannan matan ne. In na tsaya, ta tashi bayan minti bakwai, kuma ban san ko barcin zai sake yarda da ita ba. Tsoro ya kama ni sosai. Na ci gaba da kaɗawa.

Goma da kwata daidai makulli ya taɓa ƙofa sau biyu. Ba wanda ya motsa. Ƙofar ta buɗe, Mista Tomas ya shigo da littafinsa, bayansa mutanensa cike da baranda. Ya dubi agogo, ya dube ni. Na nuna masa Sista da haɓa. Ya juya ya kalle ta. Ya daɗe yana kallon fararen takalman aikin da ke ƙafarta, da tabarau a hannunta yana shirin faɗuwa. Ya matso kusa da kunnena ya tambaya da Turanci, murya ƙasa, ko aikin dare ta yi. Na ce wata da watanni ke nan ba ta yi barci ba.

Ya fita ya ja ƙofar. Na ce a raina shi ke nan, ya tafi kiran kwamiti. Can sai ƙofar ta sake buɗewa a hankali. Suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya, ba takalmi, maza da mata cikin fararen kaya, iyaye sun toshe bakin 'ya'yansu da hannu. 'Yan'uwanmu suka miƙe suka ba su kujeru, waɗanda ba su samu ba suka zauna a ƙasa. Mista Tomas da kansa ya zare tabarau daga hannunta ya ajiye a kan jakarta. Ɗakin ya cika maƙil, ba ka jin komai sai tsirkiya huɗu da esi. Muryata ta gaji na koma rera karin baki a rufe, sai na ji wata tsohuwa a cikinsu ta kama karin tana bi da hanci, wasu suka bi ta. Sai ga minshari ya taso daga jikin bango, a daidai inda amshi yake. Ban taɓa jin abin da ya yi mini daɗi a kunne kamarsa ba, na sunkuyar da kai don kada a ga idona.

Sha ɗaya saura minti biyar ta buɗe ido. Ta dubi dama, fararen kaya. Ta dubi hagu, fararen kaya, baƙin fuskoki suna mata murmushi. Ta laluba ta sa tabarau, ta nemo ni.

"Ishaya, mutuwa na yi ne?"

"A'a Sista, barci kika yi."

'Yan'uwanmu suka fashe da dariya, Indiyawan ma suka kama ba tare da sun san me aka ce ba. Ita ta dubi agogon bango, ta ƙirga da yatsa, ta rufe fuska da gyalenta. Mata biyu suka kama ta suka fita da ita.

Na sa jita a jaka, yatsana ya kumbura, na je gaban Mista Tomas na miƙa hannu ya ba ni biro. Ya buɗe littafin ya juyo mini shi. A layin ranar ya riga ya rubuta goma da kwata.

Na ce, "Ɗan'uwa, ba na so ka rubuta abin da ba haka ba saboda ni."

Ya ce, "Ban rubuta ƙarya ba. Goma da kwata na karɓi ɗaki, mutanena suka shiga. Daga nan lokacinmu ne, mu muka ga dama muka saurari baƙo." Ya rufe littafin. "Khalas, magana ta ƙare. Yanzu ka fita, minti talatin da biyar suka rage mana."

Na kai ƙofa ya sake kirana. Kamar mai jin nauyin roƙo, ya ce matarsa ma nas ce, a irin ɗakin da Sista ta yi aiki ta yi, kuma ita ma haka take kwana ido biyu. Ya tambaya ko sai mai jin Hausa ne ke shiga wurina.

Sista Rifkatu ba ta ajiye aiki ba sai da lokacin ritayarta ya yi, yanzu tana Zonkwa tana damun jikoki. Tsirkiyoyin nan biyu ban mayar da su ba har yau, ga wanda yake ta tambaya a cikinku. Matar Mista Tomas kuwa ta zo Juma'ar da ta biyo, ta zauna a layin baya, ba ta jin ko sannu da Hausa. Mako uku ta yi tana kallona, a na huɗu barci ya kwashe ta tun ban gama waƙa ta biyu ba. Ita ce mai farin gyalen nan da ke zama jikin bango a layi na biyu, kujerar Sista ta gada. Tana cikin waɗanda abokinku ya ƙirga ranar Juma'a.